Sugan Ranar Alhamis

Shekara talatin da ɗaya Malama ta yi tana koyar da 'yan aji huɗu, saboda haka tun kafin yaro ya buɗe baki takan san ko ƙarya zai shara mata. Da ta yi ritaya sai idon nan nata ya rasa abin kallo, ya koma kan mijinta.

Mijin kafinta ne, shagonsa na can ƙarshen layi, tsakanin mai gyaran fanka da mai shayi. Bara aka gano masa ciwon daji a furostet, ɗan ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Likita ya ce an taki sa'a abin bai yi nisa ba, ya ɗora shi a kan wata allura da ake yi duk bayan wata uku. Aikinta, in ji shi, ta danne sinadarin mazantaka, domin da shi cutar ke ƙiba. Ta kuwa danne cutar, amma ta haɗa da mai ita. Mutumin da ke saɓa ƙyauren ƙofa shi kaɗai ya koma sai ya huta sau biyu kafin ya raba katako ɗaya da zarto. Tumbi ya fito. Yana zaune lafiya lau sai zafi ya taso masa, gumi ya jiƙa riga sharkaf. Ciwon sugan da ya daɗe yana lallaɓawa da ƙwaya shi ma ya ɗaga kai, har aka mai da shi kan allurar insulin.

Wannan fannin a hannun Malama yake. Kullum ƙarfe biyu, in Kafinta ya dawo cin abincin rana, sai ta zaunar da shi a kujerar bakin taga, ta huda masa yatsa, ta ɗiga jinin a tsinken gwaji, ta jira ɗan mitan ya yi ƙara. Sai ta duba takardar da Likita ya rubuta, wadda ta manna a bayan ƙofar kabad: in lamba ta kai kaza a yi masa kaza, in ta haura a ƙara. Ta yi masa allura, sannan ta zuba abinci.

Wata Alhamis mitan ya nuna lambar da ba ta taɓa gani ba, ninki biyu na ta kullum har da ɗoriya. Ta ƙara insulin yadda takarda ta ce. Da yamma ya yi ta gumi yana cewa jiri yake ji, ya tashi ya ci burodi, abin ya lafa. Suka ɗora laifin a kan allurar wata uku, tunda ita ta saba. Washegari lamba ta koma daidai.

Alhamis ta zagayo, aka maimaita.

Mitan ta fara zargi. Ta sake masa batir, ta sayo sabon kwalin tsinke, ta huda nata yatsan ta gwada. Ya nuna mata lamba mai kyau kamar bai taɓa laifi ba. A Alhamis ta uku ta ajiye shi a kan tebur, ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta dubi mijinta ta samansa.

“Maigida, me ka ci?”

“Me kuwa zan ci, ban da shayin da kika san ina sha ba suga?”

“Jininka bai ce haka ba.”

“To ki tambayi jinin.” Ya kai hannu ya gyara maɓallin hannun rigarsa. “Abin Nasara ne, yau ya faɗi gaskiya, gobe ya yi mafarki.”

Bai dube ta ba da yake maganar, ita kuwa ta san irin wannan kallon ƙasa tun a aji. Ta zuba masa abinci. Da ya koma shago ta bi aljihun rigunansa ɗaya bayan ɗaya, tana neman ledar alewa ko ƙwallon dabino. Ta sami ƙusoshi uku, guntun fensir da garin katako.

Ranar Asabar ta ce za ta je sayen zare, ta biya ta wajen Mai Shayi lokacin da ta san mijinta ya tafi auna tagogin wani gida.

“Tsakaninka da Allah,” ta ce bayan sun gaisa, “cokali nawa na suga kake zuba wa mutumin nan?”

Mai Shayi ya yi dariya yana goge tebur. “Haba Malama, ni da ke wa ya fi tsoron wani? Ko ƙwaya ɗaya. Har tsokanarsa nake, na ce shayinsa da ruwan wanke kofi duk ɗaya.”

“Har ranar Alhamis?”

“Alhamis ai ba na ma ganinsa. Tara na yi yake rufe shago, Direba ya zo ya ɗauke shi. Sai wajen ɗaya suke dawowa.” Ya tsaya da shafar teburin. “Au, na zaci asibiti kuke zuwa.”

“Asibiti ne,” in ji Malama, ta gyara mayafi ta wuce.

Ba asibiti ba ne. Katinsa na asibiti na cikin jakarta, kuma ranar komawarsu saura mako biyar. Direba kuwa abokin mijinta ne tun suna samari, tsohon direban babbar mota, mutumin da bai taɓa jin labarin magani ya bar shi ya wuce ba. Shi ya taɓa kawo musu munduwar ƙarfe wai tana tsotse hawan jini. Duk inda Direba ya sa ƙafa, Malama takan ce da walakin.

A hanya ta yi ta juya abin. Gidan cin abinci suke zuwa su more? To me zai sa a rufe shago awa huɗu saboda faranti ɗaya? Ta tuna wani abu kuma. Mutumin da zafi ke damu, wanda da can singileti yake yini da ita a gida, yau kusan mako uku ke nan bai rabu da riga mai dogon hannu ba, a ɗaure har wuyan hannu. Da ta isa gida ta zazzage kwandon wanki, ta juya hannun rigar da ya sa ranar Alhamis. A daidai gwiwar hannu, daga ciki, ga ɗan guntun filasta a manne, da auduga mai ɗigon jini da ya bushe.

Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta. Ta kira 'yarsu Auta, wadda ke aure a unguwar gaba, ta gaya mata.

“Mama, ki tambaye shi mana kai tsaye.”

“Babanki ne fa. In ka tambaye shi ba da shaida ba, sai ya mai da kai mahaukaci.”

“To ai ga shaida a hannunki.”

“Wannan rabin shaida ce. Bari Alhamis ta zo.”

Daga baya ta sha cewa wannan jiran shi ne wautar da ta fi kowace a rayuwarta.

Alhamis ta zo. Ƙarfe biyu ya shigo da sallama, fuskarsa a sake, har da 'yar waƙa a baki. Ta huda yatsa. Mitan ya yi ƙara, ya nuna lambar da ta fi ta kowane mako. Ta duba takarda, ta ja insulin har layin ƙarshe da Likita ya yarda, ta yi masa. Sannan ta kawo abinci ta ajiye, ta ɗauko guntun filastan ta ajiye kusa da farantin.

“Wannan fa?”

Ya dube shi, ya dube ta. “Wanki kike yi ko aikin ɗan sanda?”

“Ina kuke zuwa da Direba?”

“Har shago kika bi ni ke nan.”

“Na bi ka. Naɗe hannun rigar in gani.”

“Ni ba ɗan ajinki ba ne, Malama.” Muryarsa ta yi ƙasa, alamar ransa ya ɓaci sosai. “An huda ni a ciki, an huda ni a yatsa, an auna abin da zan ci, an auna abin da zan sha. Abu ɗaya da na yi da kaina shi ne za a kafa mini kotu?”

Ya ture farantin, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Ita ma zuciya ta ɗebe ta, ta rufe abincin ta ce in yunwa ta ci shi zai fito. Ta zauna tana ninke kaya, tana maimaita a ranta abin da za ta faɗa masa in ya fito.

Bai fito ba. Wajen ƙarfe uku da rabi ta ji wani abu ya faɗi. Ta same shi zaune a ƙasa, jingine da gado, riga ta jiƙe, hannuwa na rawa. Ta yi masa magana ya amsa da abin da ba shi da kai, yana kiran ta da sunan yayarsa da ta rasu. Ta ruga ta ɗauko mitan. Lamba na nan a sama. Suga ya yi yawa, in ji mitan. Har ta kai hannu ga allurar insulin, sai ta tsaya. Tafin hannunsa sanyi ƙalau, leɓensa ya yi fari. Ba haka yake yi ba in suga ya hau. Ta ajiye allurar ta kira Auta ta ce ta zo da mota yanzu.

A ɗakin gaggawa nas ta fara huda yatsa da irin nasu mitan, shi ma ya nuna sama. Amma likitar da ke aiki ranar, wata doguwa mai saurin magana, ta ɗaga fatar idonsa, ta taɓa goshinsa, ta tambayi Malama abin da ya ci da abin da aka yi masa. Da ta ji an yi insulin mai yawa kuma bai ci komai ba, sai ta ce a ɗebi jini daga jijiya a kai ɗakin gwaji da gudu, a kuma sa masa ruwan suga kafin sakamako ya dawo. Nas ta naɗe hannun rigarsa. A lanƙwasar hannun ga tabon allura huɗu a jere, na ƙarshen da sabon filasta.

“Wa ke sa masa ruwa?” in ji likitar.

“Abin da nake tambaya ke nan tun ƙarfe biyu,” in ji Malama.

Sakamako ya dawo ya nuna suga ya faɗi ƙasa warwas. Kafin nan ma Kafinta ya fara dawowa hayyacinsa, yana kallon silin, yana tambayar wa ya kawo shi. Likitar ta jawo kujera ta zauna kusa da kansa.

“Baba, ba faɗa zan yi ba. Me ake sa maka a jijiya?”

Ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya rufe ido. “Bitamin ne kawai. Ruwan bitamin. An ce yana wanke tsatsar jiki, yana dawo da ƙarfi. An ce ba ya faɗa da kowane magani.”

Likitar ta gyaɗa kai kamar wadda ta saba ji. Ta ce in bitamin C ne mai yawa aka zuba a jini, yakan ruɗi wasu mitocin yatsa na tsawon awoyi, su ga bitamin su zaci suga ne. Ta juya ga Malama. “Ke kin bi takarda daidai, Mama. Lambar ce ta ƙarya.”

Wannan bai sanyaya wa Malama rai ba. Hannunta ne ya ja allurar, kuma saura ƙiris ta ja ta biyu.

Aka kwantar da shi. Likitar ta ce tana so ta san ainihin abin da ke cikin ledar ruwan da ake sa masa, da yawansa, don gwajin ƙodarsa ya ɗan motsa. Kafinta bai sani ba. Ya ce ruwa ne dai rawaya.

Da safe Malama ta kira Direba. Ya zo yana sosa ƙeya, yana ta rantsuwa cewa shi alheri ya nufa, shi ma wata shida ke nan yana yi, ga shi garau. Ta ce ya ajiye rantsuwar ya tada mota.

Wurin a saman bene yake, bisa wani shagon sayar da labule. Ɗaki ne mai sanyi da ƙamshi, da kujerun kishingiɗa guda shida a jere, kowace da sandar rataya leda. Mutum uku na kwance ana ɗura musu, ɗaya yana barci, biyu suna danna waya. Wani mai farar riga da kowa ke kira Dakta ya taso da fara'a.

“Sannu da zuwa, Hajiya. Ke ma gajiya ce?”

“Ni matar Kafinta ce. Yana asibiti.”

Fara'ar ta ragu kaɗan, ba ta tafi duka ba. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce ai ciwon nasu haka yake, yau lafiya gobe akasi. Malama na jin sa, idonta na kan bango. Akwai takardar shaida a cikin gilashi, amma an rataye ta can kusa da silin, inda ko mai tabarau biyu ba zai iya karantawa ba.

“Ya gaya maka yana da suga?”

“Ya cika takarda.”

“Ka karanta ta?”

“Hajiya, bitamin ne fa. Abin da ke cikin lemo. Wa lemo ya taɓa kashewa?”

“Ka auna ƙodarsa kafin ka fara?”

“Ba a buƙata ga mai lafiya.”

“Mai ciwon daji da suga shi ne mai lafiya? Ka yi magana da likitansa?”

Dakta ya yi murmushi ya rage murya. “Su likitocin asibiti ba sa son irin aikinmu. Kin san dalili.”

“Ban sani ba. Rubuta mini abin da ke cikin ledar da yawansa, ka sa hannu, ka rubuta cikakken sunanka.”

Nan ya fara kame-kame, wai haɗin sirrin kamfani ne. Malama ta ce ba komai, za ta zauna ta jira, ta kuwa zauna a kujerar da ke kusa da masu danna waya, ta fara gaishe su tana tambayar ko su ma suna da suga. Ba a yi minti biyar ba ya kawo mata takarda da kwalabe biyu da babu komai a ciki. Sa hannun kamar kaza ta yi tonon ƙasa, sunan kuwa bai rubuta ba.

Likitan da ke duba ciwon dajin, dattijo mai magana a hankali, shi ya karɓi kwalaben da rana. Ya juya su, ya karanta, ya ce bitamin C ne mai yawan gaske da wani sinadari na biyu da ake sayarwa da sunan wanke jiki.

“Likita, gaya mini gaskiya,” in ji Kafinta daga kan gado. “Ya ɓata allurar taku?”

“Gaskiyar ita ce ban sani ba, kuma wanda ya sa maka ma bai sani ba. Ba a yi binciken da ya isa a ce yana taimakon mai irin allurarka ba, ba a kuma yi wanda ya isa a rantse ba ya taɓa ta ba. Za mu auna jininka mu ga inda cutar take. Abin da na sani shi ne, mai suga da ƙoda irin taka ba a zuba masa wannan a jijiya da ka. Da ka tambaye ni, da mun zauna mun duba.”

“Da na tambaye ka, da ka hana.”

“Wataƙila. Amma da na tambaye ka me kake nema a wurin.”

Kafinta ya saci kallon 'yarsa. Auta ta gane, ta ce za ta je ta sayo ruwa. Da ta fita sai ya yi magana yana kallon bango.

“Kun ce allura za ta tsare mini rai. Ba wanda ya ce mini za ta mai da ni haka. Guduma tana yi mini nauyi. Yaran da na koya wa aiki su ke ɗaga mini katako. A gida ma...” Ya tsaya. “Ita ta sani. Ba ta taɓa cewa komai ba, shi ya fi ci mini rai.”

Malama ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Wata goma sha ɗaya tana lura da lambar jininsa, da cokalin abincinsa, da ranar allurarsa. Ta zaci shirun da ta yi a kan sauran sutura ce ta yi masa.

Likita ya matso kusa da gadon. Ya ce wannan kuka ne na gaskiya, kuma laifinsu ne da ba su buɗe masa ƙofar yin sa ba tun farko. Ya ce akwai abin da za a iya yi game da zafin da ke taso masa, akwai motsa jiki da ke dawo da ƙarfin dantse ko ana kan allurar, sauran maganar kuma za su yi ta su uku a ofis, ba a ɗakin da labule ne kawai tsakaninsu da maƙwabci ba.

Kwana biyu aka sallame shi. Bayan mako uku ƙoda ta koma daidai, gwajin cutar kuma ya nuna tana nan a danne inda aka bar ta. Ko ruwan ya yi wani abu ko bai yi ba, ba wanda ya iya cewa. Malama ta kai takardar Dakta da bayanin abin da ya faru ofishin da ke kula da irin waɗannan wurare. Aka karɓa, aka buga hatimi, aka ce za a duba. Da ta wuce ta layin bayan wata guda, ta ga tagar benen a buɗe, ana ta hawa da sauka.

Direba ya ɗauke ƙafa daga gidan na ɗan lokaci, sannan ya dawo wata Lahadi da yamma, ya zauna a bakin kujera kamar baƙo. Ana cikin hira ya laluba aljihu ya ce akwai wani garin magani da wani ya kawo masa daga tafiya.

Kafinta ya miƙa hannu ya karɓa, ya juya ƙullin, ya shinshina.

“Na mene ne?”

“Na komai da komai. Gajiya, ciwon gaɓɓai, har da...”

“Bar shi a nan. Ranar Talata zan koma asibiti, zan kai wa mutumin ya gani.”

“Ai in ka kai masa cewa zai yi kar ka sha.”

“To sai in dawo maka da abinka.”

Malama na tsakar gida tana shanya, duk ta ji. Ta ci gaba da shanyarta. Amma da Direba ya tafi, ta shigo ta ɗauki ƙullin daga kan tebur ta jefa a jakarta, ta ja zif.

“Ba ki yarda da ni ba ke nan,” in ji Kafinta.

“Na yarda da kai. Talata ce ta yi nisa.”

Ya yi 'yar dariya, ya jawo takalminsa. Likita ya ce ya riƙa tafiyar rabin awa kullum kafin rana ta faɗi, kuma shi kaɗai ba ya jin daɗinta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jira ta nemo mayafi.